Kawu Ba Ya Aro

Kawu ba ya aro. Duk wanda ya zauna da shi a Haɗeja, wannan zai fara gaya maka kafin ya ce maka dogo ne ko siriri. Yayan mahaifiyata ne. Kakanninsa sun daɗe da jingine sandar kiwo suka shigo gari, amma filako, kunyar nan ta Fulani, bai fita daga jikinsa ba. Na sha ganinsa yana tura kekensa cikin rana tun daga gida har ofis, taya ta sace, ga famfon keken maƙwabci a rataye a zaure, amma ko kallonsa ba zai yi ba. In ashana ta ƙare a gidansa, gara a ci tuwon jiya da sanyi da a aika yaro ɗebo wuta.

Shi ya samar mini aiki a ofishin awon ruwa bayan na gama sakandare. Lokacin ba a daɗe da fita daga babban farin nan ba, an kuma gina madatsa can sama, ruwan da ke zuwa fadamarmu ya fara sauya hali. Gwamnati ta so ta san yawan ruwan da ke wucewa, shi ya sa aka ƙara mayar da hankali kan sanduna masu lamba da aka daɗe da kafawa a bakin kogi, ɗaya a gada, ɗaya wajen Auyo, wasu can ƙasa ta Baturiya. Masu duba su suna aiko mana da tsayin ruwan kowace rana, mu kuma mu mayar da shi lissafi. Kawu ne babban akawu. Shekara da shekaru yana wannan aiki da fensir da wani littafin jadawali da bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Ba ya sauri, ba ya kuma son a tsaya masa a ka.

Ana nan sai aka turo mana sabon injiniya, saurayi da bai girme ni da yawa ba, mai fara'a da yawan share gilashin idonsa. Shi ya kawo labarin cewa akwai wani inji a Kano da ke yin lissafin wata guda kafin shayi ya huce. Ya ce daga sama an yanke cewa lissafin hannu ya ƙare. Zai koya mana yadda ake rubuta wa injin umarni, duk wanda ya iya tsara shirin da zai lissafa ruwan damina ya fito daidai kafin ƙarshen daminar, kujerarsa na nan. Wanda bai iya ba za a sauya masa wurin aiki. Kawu ma har an gaya masa nasa: ofishin gona a Jahun.

Ni ko a jikina, da an ce mini Jahun da na naɗe tabarmata. Kawu kuwa yana da gonar shinkafa a fadama wadda ya gada, yana kuma da Kaka, mahaifiyarsu, wadda idonta ya yi rauni, ta kuma rantse ba mai fitar da ita daga garin da aka binne mijinta. Tafiyarsa Jahun na nufin ya bar su duka biyun.

Abin dariyar shi ne, mu da ke koyon injin ba wanda ya taɓa ganinsa. A kan wasu takardu masu gida-gida muke rubutu, kowane harafi a gidansa. Landiroba ta kwashi takardun ta kai Kano, a can wasu 'yan mata su huda kati da abin da muka rubuta, a zuba wa injin, ya amayo amsa a wata faffaɗar takarda, motar ta dawo mana da ita mako mai zuwa. In ruwa ya cinye hanya, sai yadda hali ya yi. Kuskure ɗaya, komai ƙanƙantarsa, ya cinye maka tafiya guda.

Da farko Kawu ya fi mu duka. Rubutunsa tsaf, ba ya tsallake gida, kuma ya riga ya san lissafin kamar tafin hannunsa. Matsala ta faro ranar da injiniya ya zo kan darasin kayan da aka riga aka tanada. Ya ce ba komai ne mutum zai zauna ya tsara da kansa ba. Akwai ayyukan da ke cikin injin tun daga inda aka ƙera shi, kamar nemo tushen lamba, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wadda ke hannunka. Mu kuwa lissafin gudun ruwa ba ya yiwuwa sai da wannan. Sunan aikin kawai za ka rubuta, ka miƙa masa lambarka, ya miƙo maka amsa. Akwai kuma wasu ƙananan shirye-shirye da mutane suka rubuta, an ɗaure katinsu ƙunshi-ƙunshi an jera a wani kabad a ɗakin injin: wani yana jera lambobi daga ƙarama zuwa babba, wani yana fitar da matsakaici, wani har zanen hawa da saukar ruwa yake yi da 'yan taurari. In kana so, ka kira sunansa a cikin shirinka, a ɗauko ƙunshin a haɗa da naka.

Ni daɗi ya kashe ni. Raggo ne ni a lissafin tushe tun a makaranta. Sai na ga Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare.

"Injiniya, wa ya rubuta su?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Mutane ne da yawa, wasu a nan, wasu a ƙasashen waje."

"Suna raye?"

"Wasu dai ina jin suna raye."

"Sun san za mu ɗauka?"

"Ai don a ɗauka suka ajiye, Baba."

Kawu ya juya fensir a hannunsa. Sannan ya ce, "To in mun gama, me ake mayar musu?"

Muka fashe da dariya, har injiniya sai da ya cire gilashi. Kawu bai yi dariya ba. Ya rubuta wani abu a gefen takardarsa ya ja layi a ƙarƙashi, ni kuwa da na san shi, nan take na gane akwai matsala.

Haka kuwa aka yi. Kawu ya zauna ya tsara nasa neman tushen, mataki-mataki, yadda ake yi da hannu. Ya tsara nasa jera lambobin, ya tsara nasa matsakaicin. Shirina shafi biyu ne da 'yan kai, nasa kuwa sai da aka nemo igiya aka ɗaure. Nawa ya dawo da kuskure sau biyu, a na uku ya fito, na yi ta yawo da takardar ina nuna wa har masinja. Nasa kullum da abin da zai tsaya. Ya gyara nan, can ya ɓalle. Akwai makon da neman tushensa ya shiga zagaye ya ƙi fita, injin ya yi ta maimaita abu ɗaya har masu kula da shi suka kashe aikin da hannu, wani ya rubuto da biro a kan takardar cewa don Allah mutumin Haɗeja ya ji tsoron Allah, akwai wasu a layi.

Ruwa kuwa yana ta hawa. In ka tsaya a gada da yamma sai ka ga fadama ta zama fari fat har iya ganinka, kawunan shinkafa na leƙowa, masunta na ratsawa a kwale-kwale. Kullum da safe Kawu sai ya biya gonarsa kafin ya zo ofis, ƙafar wandonsa a jiƙe. Ni kuma kowace Landiroba ta tashi sai in ji kamar da wani yanki na gonar ta tafi.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Muna dawowa daga sallar azahar na ce, "Kawu, don Allah fensirin hannunka kai ka ƙera shi? Littafin jadawalin da ka tsufa da shi, kai ka lissafa?"

Na ɗauka na kama shi. Ko tsayawa bai yi ba.

"Sayen su aka yi, ɗan nan. Mai su ya karɓi haƙƙinsa, mun rabu lafiya. Wannan fa guminsa ne mutum ya zuba, ban san shi ba, bai san ni ba, ko na gode ba zan iya ce masa ba. In zauna a kujera in ci albashi da shi?"

"Kowa ma haka yake yi!"

"Kowa ya yi mana. Na hana ka?"

Haushi ya sa na kai ƙara wurin Kaka.

Na same ta da la'asar a gindin rumfa tana tsince shinkafa da yatsu, don idon ba ya gani sosai. Da ta ji takuna ta ce, "A'a, maigidana ne? Yau ma hannu biyu ka zo, ko kifin banda babu? Wallahi zan sake miji." Na ce ta yi haƙuri, kishiyarta ce ta ƙwace. Muka taɓa wasanmu, sannan na zayyana mata komai, da injin da kabad da Jahun. Ban san iya abin da ta fahimta game da injin ba, amma maganar aro ta gane ta sarai.

Kawu ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Mai keke take ce masa. Muna cikin haka ya shigo ya gaishe ta ya zauna nesa kaɗan a kan turmi. Sai ta ɗaga murya, fuskarta na wajena.

"Maigida, ka tambayar mini mai keke, karsanar da ke ɗaure a bayan gida, a kasuwa ya saye ta?"

Wannan karsana tana da labari. 'Yan shanun da Kawu ke da su a hannun dangi duk fari ya kashe. Bayan an sami ruwa, wani ɗan'uwansu ya koro karsana da ƙafa tun daga wajen Baturiya ya ɗaure masa a gida. Al'adarsu ce: wanda ya rasa, a ba shi ta riƙo, ya sha nono, abin da ta haifa nasa ne, daga baya ya mayar da uwar. Ita kaɗai ce abin wani da na taɓa gani a gidan Kawu.

Kawu ya amsa yana kallon ƙasa, shi ma kamar da ni yake. "Waccan ai za ta koma. Akwai ranar mayarwa."

"To ka ce masa wannan ma ya karɓa, ya nemi abin da zai mayar. In ya tafi Jahun, wa zai riƙa kawo mini goro da safe? Kai da ko kifi ba ka iya kawowa?"

Kawu ya ɗan zauna, ya miƙe ya fita.

Washegari na tarar ya kwance igiyar nan, ya ajiye tulin takardun a ƙarƙashin tebur, ya ɗauko sababbi. Ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in nuna masa yadda ake kiran mai jera lambobi. Na nuna masa: ga sunan, ga inda za ka sa lambobinka, ga inda za ka gaya masa yawansu. Ya rubuta a hankali, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Da ya zo kan tushen lamba, aikin da ya ci masa shafuka, ya rubuta 'yan haruffan nan ya tsaya yana kallonsu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Allah ya jiƙan mai wannan aiki, in ya mutu," ya ce. "In yana raye, Allah ya ba shi lafiya."

Da takardar ta dawo, kuskure ɗaya tak ya rage, wata lamba ce ya sa a gidan da ba nata ba. Injiniya ya yi murna har ya tafa. Tafiya ɗaya ta rage kafin a rufe jarrabawar, gyaran kuma bai fi a goge a sake rubutawa ba. Na je na gaya wa Kaka ta kwantar da hankalinta, goronta na nan.

Ashe Kawu ya ɗauki maganarta gaba ɗaya, ba rabi ba. Ana gobe motar za ta tashi na ga shirinsa ya ƙara kauri. Na duba. A lokacin an koma awo da mita, amma tsofaffin sandunanmu duk da ƙafa da inci suke, kowannenmu sai ya zauna ya juya lambobin da hannu kafin ya rubuta wa injin. To Kawu ya tsara wani ɗan ƙaramin shiri mai yin wannan juyin: ka ba shi ƙafa, ka ba shi inci, ya ba ka mita. Ya liƙa shi a cikin shirin jarrabawarsa, ya kuma rubuta a saman takardar cewa in ya yi aiki, a ɗaure katinsa a sa a kabad, kowa ya ɗauka.

Na ce, "Kawu, don girman Allah cire wannan. Ba a taɓa gwada shi ba. In ya tsaya, duka ya tsaya."

Na kira injiniya, shi ma ya roƙe shi. "Baba, ka bari a wuce wannan tukuna. Bayan an rufe, ni da kaina zan kai shi."

"Karsana na san mai ita, Injiniya, ya san ni, gaban mutane muka yi magana, shi ya sa zan iya cewa sai ta haihu. Wannan wa zan yi wa alkawari? Wanda ba ka sani ba, sai dai hannu da hannu."

"Ba wanda ke bin ka komai, Baba."

"Ni na san ina riƙe da shi."

Ya ninke takardun ya sa a ambulan ya miƙa wa direba da kansa.

Motar ta yi jinkirin dawowa, ruwa ya yanke hanya a wani wuri. Ranar da ta iso, taɓo har gilashi, na riga kowa zuwa. Tun daga nauyin takardar Kawu na gane, don wadda ta yi aiki tana da tsawo, tasa kuwa falle ɗaya ce. Ɗan shirin nasa ba shi da aibu ko ɗaya. A wajen kiransa ne aka sami matsala. Ya tsara shi yana karɓar abu uku, ƙafa da inci da gidan da zai zuba amsa, amma da ya zo kira sai ya miƙa masa biyu. Kuskuren da kowane sabon shiga ke yi ne, ni ma na yi shi. Injin ya tsaya a nan, bai ko kai ga lissafin ruwan ba.

Kawu ya karanta, ya bi layin da yatsa, ya gyaɗa kai. "Gaskiyarsa," ya ce. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya tafi alwala.

Injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa, har Kano ya je, aka ce masa an riga an rufe. Da aka girbe shinkafa Kawu ya ɗora akwatinsa da kekensa a bayan wata motar kaya. Kaka ta dawo ɗakin mahaifiyata. Ranar tafiyar ba ta fito ba, ta dai aiko ni da ƙullin dakkakken yaji ta ce in ba mai keke, abincin can ba shi da ɗanɗano. Gonar ni na riƙa dubawa, ban kuma iya ta kamar shi ba. Na ji haushin Kawu ƙwarai a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, har yau haushin bai gama barina ba. Goron safe ni na koma kai wa Kaka. Takan karɓa ta yi mini tsiya, amma sai ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta ɓare.

Cikin wannan haushin na ɗauko kwafin shirinsa, na ƙara abu na ukun, na aika da tafiyar gaba. Ya fito tsaf, tun daga farko har ƙarshe. Injiniya ya sa aka ware ɗan shirin juyin, aka ɗaure katinsa aka jera a kabad tare da sauran. An rubuta masa ɗan gajeren suna a jiki, kamar kowane ƙunshi, ba sunan mai shi. Ba mu ƙara juya ƙafa da inci da hannu ba. Da aka ɗauki sababbin ma'aikata, ni aka sa in koya musu, nakan ce ga mai tushe, ga mai jerawa, ga mai juya awo, su rubuta su wuce. Har ofisoshin wasu garuruwan suka riƙa kiransa.

Sai da na sayi babur, lokacin da kuɗi ya fara yawo a hannun ma'aikata, na kai masa ziyara Jahun. Na same shi a wani ɗan ofis mai warin taki, yana rubutu da irin tsabtar nan tasa. Ya rame kaɗan. Ya tambayi Kaka, ya tambayi gona, ya tambayi karsana, na ce ta kusa haihuwa. Sannan na ba shi labarin da na ɗauko tun daga gida ina ɗokin faɗa. Na ce ɗan shirinsa na kabad, yara sababbi na kiransa kullum, har mutanen da ba su taɓa zuwa Haɗeja ba.

Ya ajiye biro. "Yana yi musu daidai?"

"Bai taɓa kuskure ba."

"Sun san na wane ne?"

"Ba su sani ba, Kawu. Amma ina komawa zan gaya musu. Zan sa ma a rubuta sunanka a jikin ƙunshin."

Ya daɗe yana kallon ƙofa, inda wani ke sauke buhuna daga amalanke. Na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

"Kada ka gaya musu," ya ce. "In suka san mai shi, wani zai ji nauyi. Bar yaran su ɗauka."

Ya tashi ya ce in zo mu je in ci abinci kafin rana ta yi. Ban gaya musu ba.